Na Ɗauki Nauyinsa

 

Yau wata ƴar magana nake so mu duba tare. Kalma biyu ce kawai: ɗaukar nauyi. Ba wanda bai san ta ba. In ka kunna rediyo da safe, za ka ji an ce kamfani kaza ne ya ɗauki nauyin kawo muku wannan shiri. In zaɓe ya matso, za ka ji wane ya ɗauki nauyin gyaran rijiya, wane ya ɗauki nauyin kujerar Makka ta liman. Maganar ta sha yawo a bakin mutane har ta zama kamar tsohuwar dala, rubutunta ya goge. Ni dai har gobe in na ji ta sai gabana ya ɗan faɗi. Dalili kuwa, an taɓa faɗin ta a kaina, ina tsaye ina ji, ina ɗan shekara 13. Sau biyu aka faɗe ta cikin wata huɗu. Ta farko ta bar ni a tasha. Ta biyu ita ta sa nake iya rubuta muku wannan takarda.

Kafin in ba ku labarin, bari mu ga inda maganar ta samo asali.

Daga wuya da gadon baya ta fito. Wanda ya ɗauko dami daga gona ya san nauyi. Matar da ta ɗauko tulu daga rijiya ta san shi. Kafin mota ta zo, duk abin da ke tafiya tsakanin Damagaram da Kano, kanwa ne, gishiri ne, fata ce, goro ne ko tufafi, a bayan raƙumi da jaki da takarkari yake tafiya, ko kuwa a kan ɗan adam. Akwai masu cin abinci da wannan aiki, su ne ƴan dako. To, ku lura da ɗan dako na kirki in kun je kasuwa. Ba ya rarumar kaya haka nan. Sai ya jinjina shi tukuna, ya ji ko zai iya. Sai ya tambayi mai kaya, ina za a sauke? Sannan ya naɗa gammo, ya ce a kama masa. In ya ɗauka kuwa, ba ya yar da shi a tsakiyar hanya. Wanda ya yi haka sau ɗaya, ba mai sake kiran sa.

Daga nan Bahaushe ya kai kalmar wuraren da ba a ganin kaya da ido. Mace in cikinta ya tsufa, a ce ta yi nauyi. In ta haihu, a ce ta sauka. Uba in ya aurar da ɗiyarsa, ya ce ya sauke nauyi. Surukinka kuwa kana jin nauyinsa, ko da shi ɗan siriri ne kamar kara. Tsofaffi suka dunƙule abin duka suka ce alkawari kaya ne. A bakinsu, duk inda aka yi zancen ɗauka, akwai saukewa tana jira a gaba.

Akwai wata kalma da ake haɗa ta da wannan, ita ce tallafi. Tallafawa shi ne ka sa hannu a ƙarƙashin abu don kada ya faɗi, kamar yadda uwa ke tallafe goyonta in za ta sunkuya. A da, yaron da aka ba wani riƙo ana ce masa ɗan tallafi. Yanzu kuwa tallafin taki muke ji, da tallafin iri, da tallafin hatsi. Amma ku riƙe bambancin. Mai tallafi hannu ya sa maka, kayan yana nan a kanka. Wanda ya ɗauki nauyi ya sauke maka kayan ne ya ɗora wa kansa. Na sha ganin zumunci ya ɓaci don wani ya yi nufin ta farko, ɗan'uwansa ya ji ta biyu.

To, ga labarina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Magarya da Dungas. Lokacin nan Dungas tana ƙarƙashin Magarya, sai a 2011 ta samu nata perefe. A 1984 mu uku muka ci sartifika a lakwal ɗinmu, aka ce mun samu shiga kwaleji a Magarya. Murna a gidanmu ba ta kwana biyu ba. Ɗan ƙauye in ya ci wannan jarrabawa, sai iyayensa sun nemo masa gidan da zai zauna a cikin gari. Al'adar ita ce, mai gida ya ba yaro wurin kwana da abinci. Uban yaro kuma in kaka ta yi ya kawo hatsi, da salla ya kawo ƴar kaza. Yaro ya yi aike, ya ɗebo ruwa, ya ba dabbobi ciyawa.

Amma waɗanda suka yi wayo a 1984 sun san irin shekarar. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba. Gonarmu da ke ba da dami 100 ba ta cika 10 ba. Ga shi kuma tun watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ta kuma canza takardun naira. Mu da muke kwana muna tashi da Babura da Maigatari, sai muka zama kamar an toshe mana maƙogwaro. Shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran wannan yunwa El-Buhari.

Baba ba shi da hatsin da zai kai gidan kowa. Duk da haka ya ce ba zan zauna ba. Ya kama hannuna muka tafi Magarya a ƙasa, wajen wani Alhaji ɗan kasuwa da ya saba sayen gyaɗarsa shekarun baya. Muka iske zaure cike da mutane. Baba ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo mu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Bai ma gama ba Alhaji ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Haba Malam! Wannan har wani abu ne? Je ka kwantar da hankalinka. Na ɗauki nauyinsa.”

Zaure ya ɗauka da addu'a: Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Na ga idon Baba ya kawo ruwa. Bai tambayi komi ba. Wa zai tambayi mai kyauta har yaushe? Ya bar ni nan da tabarmata da ƴar jakar tsumma, ya koma gida kafin rana ta faɗi.

Watan farko ba laifi. Ina kwana ɗakin samari, ana miƙo mana tuwo da dare. Ashe kayan Alhaji ya riga ya karkace, ɓoyewa yake. Dukiyarsa yawanci naira ce. Da aka canza kuɗi iyaka tana rufe, mai yawa ta mutu a hannunsa. Ga danginsa na ƙauye suna ta kwararowa, yunwa ta koro su. Tuwo ya koma kunu. Kunu ya koma sau ɗaya a yini. Wata safiya cikin watan Janairu, yaron gidan ya same ni ina shirin tafiya lakwal. Bai iya duban idona ba. Ya ce Alhaji ya yi tafiya, an kuma ce duk wanda ba ɗan gida ba ya nemi wuri.

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Yanzu da na yi furfura na daina. Ba mugu ba ne. Kunyar idon jama'a ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa. Laifinsa ɗaya, bai jinjina kayan ba kafin ya ce a ɗora masa.

Abokaina biyu su ma gidajen da suke sun gaza, suka koma ƙauye. Ni na kasa komawa, don na tuna idon Baba. Na riƙa kwana a rumfar tasha, cikin ɗarin nan na hunturu. In an tashi daga aji sai in tafi kasuwa in yi dako, a ba ni dala biyu ko dala biyar, in sayi rogo.

A nan wata tsohuwa ta kira ni ran nan da marece. Mai ƙuli-ƙuli ce, amma a shekarar babu gyaɗa, sai ta koma sayar da dafaffen ganye da ɗan rake da ake kawowa daga wajen Bande. Ta ce, “Kai ɗan nan, zo kama mini.” Na kama mata ƙwarya ta ɗora a ka. Sai ta hangi kaye a cikin rigata.

Ta ce, “Ɗan lakwal ne kai? Gidan wa kake?”

Na yi shiru.

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa. Ta ce, “Ɗauko tabarmar can ka biyo ni.”

Mijinta ya rasu da daɗewa. Ɗaki biyu gare ta da ƴar rumfa, da jikoki biyu da take riƙo. Ta zuba mini kunu, ta nuna mini inda zan kwanta. Ba ta yi mini alkawarin komi ba. Washegari na tafi lakwal, na dawo, na iske an ajiye mini rabona a rufe da faifai. Haka muka yi kwana goma sha. Ina kiran ta Inna, tana kirana ɗan nan.

Sai aka gane a lakwal cewa na canza gida. Aka ce lalle in zo da mai riƙona ya sa hannu a takarda. Na faɗa wa Inna ina rawar jiki, don ina tsoron ta ce abin ya kai nan kuma. Ta yafa gyalenta muka tafi. Ranar ce ta fara taka ƙafa cikin filin lakwal.

Malamin ya karanta takardar da Faransanci, ya juya mata da Hausa. Ya ce, “Inna, takardar nan cewa take ke ce mai riƙonsa. In ya yi laifi ke za a kira. In ya yi ciwo ke za a nema.”

Ta ce, “Na ji, Mushe. To, har yaushe?”

Ya ce, “Shekara huɗu, in bai maimaita aji ba.”

“In ya maimaita fa?”

“Biyar ke nan.”

Ta yi shiru tana lanƙwasa yatsu. Ni dai zuciyata na bugawa kamar ganga. Can ta ɗago ta ce, “Ci da kwana zan iya, abin da muka ci shi zai ci. Kaye da tufafi ba zan iya ba, wannan a aika wa ubansa. Ciwo in ƙarami ne nawa ne, in babba ne sai mu taru.” Malamin ya ce haka ya yi. Sannan ta ce, “To, na ɗauki nauyinsa. Allah ya taya ni.” Ta dangwala babban yatsa a tawada, ta danna a takarda.

Mutum uku ne kawai a ɗakin. Ba wanda ya yi mata kirari.

Ƴan'uwa, a gidan nan na san abin da kalmar ke nufi, don na gan ta ana auna ta da tiya. Tiyar da ke ciyar da baki uku ta koma ciyar da huɗu. Inna ita ke rabo, ita ke ci daga ƙarshe. Sau da yawa in mun ce ina naki, sai ta ce ta ci a kasuwa. Sai daga baya wata maƙwabciyar rumfarta ta faɗa mini ba ta cin komi a kasuwa, ruwa take sha ta ɗaure ciki da ɗankwali. Da Baba ya samu labari ya zo, ya rasa bakin godiya. Ta ce masa, “Malam, bar godiya. Kai dai ka ji da kaye da riga, haka muka yi da Mushe.” Ya sayar da akuyar da ta rage mana ya saya.

Damina ta 1985 ta yi dama-dama. Baba ya kawo dami a kan jaki. A watan Maris na 1986 aka buɗe iyaka, kasuwa ta fara motsi. Inna ta koma suyar ƙuli-ƙuli. Da dare ina taya ta murza gyaɗa, in mun gama in yi karatu da hasken wutar murhu.

Kada ku ce ni yaron kirki ne ƙwarai. A aji na uku na biye wa wasu abokai, muka tsere daga lakwal kwana biyu muka tafi kallon kokawa. Aka aika kiran mai riƙona. Inna ta bar kaskonta a wuta ta zo. Ta tsaya a gaban malami, yaron da ta haifi kamarsa, yana faɗa tana ba da haƙuri. A hanyar gida ba ta zage ni ba, ba ta buge ni ba. Da muka kai ƙofa ta juyo ta ce, “Ka gani ko? Ni aka kira, ba ubanka ba.” Da bulala ta sa mini da ya fi mini sauƙi.

Wannan da ta yi yana da nasa suna. Shi ne lamuni, wato ka tsaya wa mutum, in ya ɓata kai za a kama. Ita wannan kalma baƙuwa ce, daga Larabci ta zo. Balarabe na cewa daman. Akwai wani harafi da almajirai ke kira lodi. Bahaushe in ya aro kalma mai wannan harafi, sai ya faɗe shi kamar “l”. Haka muka samu alƙali, da alwala, da farilla, da larura, da layya. Lamuni ɗan gidansu ne.

Mutanen ƙasarmu sun san lamuni tun ba yau ba. Ku da kuke kai dabbobi kasuwar Maigatari ran Alhamis kun sani. Baƙo ba ya sayar da sa shi kaɗai. Sai ya sauka hannun dillali. Dillali ne ke tsaya masa cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi ne kuma ke tsaya wa mai saye in kuɗi bai cika ba. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan tsayawa ce, ba na surutu kaɗai ba. Haka kuma zamanin gyaɗa, lokacin koperatif na UNCC da aka kafa a 1962. Iyayenmu kan karɓi bashin iri, gari duka ya lamunce wa juna. In mutum guda ya ƙi biya, a cire daga ribar da za a mayar wa gari. Shi ya sa kafin a rubuta sunan mutum, sai an zauna gindin itace an dube shi da kyau.

Da na yi nisa a karatu sai na so in san yadda wasu ke faɗin abin a harshensu. Turawan Ingila suna cewa sponsor, Faransawa ma sun ara suna faɗi. Asalinta daga harshen Rumawan da ne, wato Latin. Ma'anarta mutumin da ya yi alkawari mai ƙarfi a gaban shaidu, ya tsaya wa wani a kan bashi. Kun ga ashe su ma alkawari suka gani a ciki. Faransawa suna da tasu ta gida, parrain, wadda ta fito daga kalmar uba. A wajen Kirista, shi ne mutumin da ke tsaya wa jariri ranar da aka yi masa wankan shiga addini, ya yi alkawarin zai sa ido a kan tarbiyyarsa. Larabawa kuwa suna cewa kafala, mai yin ta kafili. Malamai sun karantar da mu cewa Annabi Zakariyya ne ya yi kafalar Nana Maryamu tana ƙarama, kuma da wannan kalma ake zancen riƙon maraya. Ko'ina ka duba, tushen abin mai kyau ne: babba ya tsaya wa ƙarami.

To, amma kalma kamar riga ce, kowa na iya sa ta.

Ku ɗauki ta rediyo. Kamfanin da ya ɗauki nauyin shiri ciniki yake yi. Ya biya kuɗi, a faɗi sunansa. Haka a kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. In kun kalla za ku ga sunayen kamfanoni kewaye da fili. Ban ce laifi ba ne. Da kuɗinsu ake ƙara wa ƴan kokawa kyauta, mu kuma mu sha kallo. Mun saba da irinsa tun da, mai kuɗi ya yi wa maroƙi kyauta don a ji sunansa. Sai dai wannan nauyi na ƴan kwanaki ne. Ran da aka ba da takobi, an naɗe tutoci.

Akwai kuma ta ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke ɗaukar hoton yaro su aika Turai, wani can ya riƙa biyan kuɗi kowane wata da sunan yaron. Wannan dabara ta daɗe. A 1937, lokacin yaƙin basasa na ƙasar Sipaniya, wasu mutanen Ingila suka kafa ƙungiya irin wannan don yaran da yaƙi ya raba da iyayensu. Ita ce ake kira Plan. Na taɓa zama da wani magidanci da aka ɗauki hoton ɗansa. An ce masa wani Bature ya ɗauki nauyin yaron. Ya zauna yana jiran kuɗi a hannu, shekara ta juyo bai ga ko dala ba, ya ce an cuce shi. Alhali yawanci irin kuɗin nan tara su ake yi a yi wa gari duka aiki, rijiya ko aji ko ɗakin magani. Tallafi ne aka yi wa gari. Wanda ya juya masa maganar da Hausa shi ya ɗauko kalmar da ta fi abin girma.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta ɗan ƙanena. A 2016 wani mutum ya riƙa zagaya ƙauyukanmu yana cewa zai ɗauki nauyin samari zuwa Saudiyya aiki: fasfo, biza, kuɗin jirgi, duk nasa. Abin da ake so kawai ɗan kuɗin somin-taɓi. Ƙanena ya jinginar da gona ya ba da. Ba a gaya mini ba sai da yaro ya tashi. Da ya sauka can, aka miƙa shi ga kafilinsa. Kafili ya karɓe fasfo ya kulle, ya kai shi daji kiwon raƙuma. A dokar da ake bi lokacin, ma'aikaci ba ya canza ubangida, ba ya ma fita ƙasar, sai da yardar kafili. Kuɗin jirgin da aka ce an ɗauke masa, ashe bashi ne, ana cira daga albashinsa wata-wata. A 2021 hukumar Saudiyya ta sassauta wannan doka ga ma'aikata da yawa, amma sassaucin na wannan shekara bai haɗa da ƴan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Shi dai yaronmu ya dawo tun kafin nan, bayan shekara uku, da jaka guda da waya. Gonar kuwa sai da muka taru muka fanso ta.

Na tambayi ƙanena, “Da mutumin ya ce zai ɗauki nauyinsa, ka tambaye shi me zai samu?” Ya ce ya ji nauyin tambaya. Ka ji fa! Nauyi ya hana shi tambayar nauyi. Tsohuwar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba ta tsare malami da tambaya kafin ta dangwala yatsa. Mu da muka iya karatu, sai a miƙo takarda mu sa hannu muna godiya. Ku da kuka sha wahalar koyon karatu da girmanku, ga inda zai yi muku rana. In an kawo takarda, ku ce a dakata. Ku karanta, ko ku sa a karanta muku sau biyu. Ku ce har yaushe, ku ce me da me ke ciki, ku ce shi mai ɗaukar me zai ci. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya.

Na ci birbe a 1988, ban maimaita aji ba. Aka tura ni makarantar horon malamai a Damagaram. Inna ta raka ni tasha, tashar nan da na taɓa kwana. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda. Da mota ta tashi ta ce, “To ɗan nan, ni dai na sauke. Saura kai.” Ba ta daɗe ba bayan na fara aiki. Abin da na samu yi mata bai wuce turmin zane da sabulu da ɗan hatsi ba. Har yau in na bi ta ƙofar gidan sai in rage tafiya.

Abin da ya tayar mini da wannan zance duka, ga shi. Cikin abokaina biyu da suka koma ƙauye a 1985, ɗaya yana nan yana noma. Kafin a koma lakwal bana ya zo gidana a Magarya. Autarsa ta ci birbe, an ba ta lise, ba ta da wurin zama. Ya iske ni a ƙofar gida da baƙi. Ya faɗi buƙatarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar dai Baba. Wallahi maganar Alhaji ta zo har bakina. Mutane na kallo, ga daɗin faɗi. Na haɗiye ta. Na ce, “Mutumina, ba ni kwana biyu.” Na ga ransa bai so ba. Baƙin ma suka dube ni wani iri.

Na shiga cikin gida na sami uwar ɗiyana, don ita ce mai tukunya, nauyin a kanta zai fi sauka. Muka zauna muka yi lissafi. Mu bakwai ne a gidan. Muka duba abin da ke shigowa, da abin da buhun hatsi ke kaiwa in bazara ta yi. Ta ce, “Malam, ci ba zai gagara ba, za ta kwana da ƴan matan. Amma ɗiya mace ba kamar namiji ba ce. Kada mu yi shekara muna wahala, a zo a ce an ba da ita.”

Da ya dawo na ce masa, “Shekara uku ne, in ta maimaita huɗu. Ci da kwana da kaye namu ne. Tufafi da kuɗin mota naka. Sharaɗi guda: kada ka zo mini da goron aure a tsakiyar hanya.” Ya yi shiru, don ashe akwai mai nema. Ya ce wannan sai ya yi shawara da uwarta, da ita yarinyar.

Sati guda ban ji ɗuriyarsa ba, har na ce ya yi fushi. Ran kasuwa sai ga shi da matarsa. Ita ce ma ta fara magana, ta ce sun yarda, mai nema in yana so ya jira. Na rubuta abin da muka yi da Hausa a takarda biyu. Ya sa hannu. Na miƙo tawada don ta dangwala, ta ture. Ta ce a ba ta bik. Ta yi rani biyu tana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ta karanta takardar da kanta, tana bin baƙi da yatsa, ta tsaya wajen shekara uku ta sake karantawa. Sannan ta rubuta sunanta, ya ɗan hau sama kamar hanyar tudu. Sai a lokacin na faɗi maganar.

Yarinyar ta iso ran Lahadi a kan amalanke, da rabin buhun hatsi da akwatin ƙarfe. Na ce me ke ciki haka? Ta ce littattafai ne. Ubanta ya kama hannu guda, na kama guda, muka shiga da shi.